Gashin Bakin Abu Hayil a Amman

Mutanen ƙauyukan Karak suna zuwa Amman kusan kullum, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin garin. Mutum zai sauka a tashar kudu da hantsi, kafin ya gyara zaman jan shimagi, ƙyallen rawanin da ke kansa, wani ɗan uwa ya hango shi, ya kama masa hannu, sai falo. Gahawa, shayi, mansaf na shinkafa da nama, gyangyaɗi, wata gahawar, sannan a rako shi tasha. In ya koma gida aka ce yaya birni, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, gidan wane sun canza labule."

Wannan maganar ce Atalla wanzami ya yi a zauren baƙi na ƙauye ranar wata Laraba bayan la'asar. Kowa ya yi dariya, ban da Abu Hayil.

Abu Hayil tsohon kofur ne. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja yana gadin siton barguna, amma in yana ba da labari sai ka ɗauka ba a taɓa harba bindiga a ƙasar ba sai da shawararsa. Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne gashin bakinsa. Tun yana saurayi aska ba ta taɓa shi ba. Kowace safiya sai ya shafe shi da man zaitun, ya murɗe gefen nan sama, ya murɗe wancan, yana cewa shaho zai iya sauka a dama, matarsa ta sauka a hagu, ba wanda zai takura wa wani. Shekara talatin Atalla yana yi masa askin kai, bai taɓa samun izinin ya matsa kusa da wurin ba.

"Ragwanci ne kawai," in ji Abu Hayil. "Ni na san Amman kamar yunwar cikina."

"Yaushe rabonka da ita?" in ji Atalla.

"Kwanan nan."

"Shekarar da aka wuce da ku a rufaffiyar motar soja, kana zaune a kan barguna?"

"Mai hankali ko ta hudar tanti ya leƙa ya gane gari."

"To je ka gano mana shi."

Da Abu Hayil ya kurɓi gahawarsa ya yi shiru, da magana ta wuce. Sai ya miƙe tsaye, ya kama gashin bakinsa da hannun dama, wanda a wurinmu ya fi sa hannu a takarda. Ya ce gobe goben nan zai shiga Amman shi kaɗai. Zai hau Dutsen Ƙal'a mai tsoffin ginshiƙai, zai je dogayen benayen gilashi na Abdali, zai shiga filin wasan Rumawa, ko'ina ya ɗauki kansa hoto ya turo guruf ɗin ƙauye kafin kiran magariba. Kuma ko loma ɗaya ta abincin dangi ba za ta shiga bakinsa ba.

"In ta shiga fa?" in ji Atalla.

"Ka aske wannan."

Atalla ya dubi gashin bakin kamar yadda mahauci ke duban ragon da aka daɗe ana hana shi. Ya ce, "Jama'a, kun dai ji."

A gida Abu Hayil ya juya bayan kalanda ya zana taswirar yaƙi, da kibiyoyi da lokuta. Matarsa Fidda ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Abu Hayil, mene ne wannan mai kama da taliya?"

"Hanyar janyewa ce. Ba aikin mata ba ne."

"To ga jamid, busasshen nonon nan, ka kai wa Nofa."

Nofa ƙanwarta ce, tana aure a Amman, mijinta Za'al direban tasi, shi kuma ɗan baffan Abu Hayil ne. Wato gida ɗaya, tarko biyu.

"'Yar halas, ba ki ji sharaɗin ba ne? Ba zan ga Nofa ba."

"In ba ka gan ta ba ita za ta gan ka. Ba a shiga gari hannu rabbana."

Ya ce bai ɗauka, ta ce to. Da asuba da ya saɓa jakarsa ya ji ta yi nauyi, ya zaci tsufa ne ya fara sallama, don haka bai gaya wa kowa ba.

Ya sauka a tashar kudu ya ja shimagi ya rufe rabin fuska, ya wuce 'yan tasi kamar bai ji kiransu ba, don a lissafinsa rabinsu dangi ne, sauran rabin surukai. Bas ya shiga zuwa tsakiyar gari, daga nan ya kama matakala. Amman dai a tsaye aka gina ta. A taswirarsa hawan Dutsen Ƙal'a minti goma ne. Ya yi minti hamsin, ya huta sau shida, kowane hutu yana yi kamar yana nazarin ginin mutane.

A can sama, gindin manyan ginshiƙan nan, ya gyara tsayuwa ya ɗaga waya. Hoton farko babban yatsansa ne. Na biyu sararin sama. A na goma sha ɗaya ya sami ginshiƙi ɗaya da rabi da gashin baki cikakke, ya tura guruf ya rubuta, "Na ɗaya. Atalla ya fara neman wata sana'a."

Ya buɗe jaka zai sha ruwa, sai ga abin da ke ƙarƙashin dardumarsa: dunƙulen jamid tara, busasshen nonon tumaki mai gishiri, farare, kowanne kamar kan jariri, da tauri kamar dutse. Ɗaya ya faɗo ya gangara cikin kufai. Ya bi shi, ya waiga dama da hagu don kunya, ya ɗauke ya cusa a jaka da sauri. Wata Baturiya mai faffaɗar hula ta ga komai. Kafin ya kai ƙofa ta iso da mai gadi, tana nuna jakar tana magana kamar ana suyar gyaɗa.

"Baffa, ka yi haƙuri, buɗe mu gani," in ji mai gadin. "Ta ce ka ɗauki dutsen Rumawa."

"Ni? Ka san da wa kake magana? Ni na tsare dukiyar gwamnati shekara ashirin da biyu, ko zare bai ɓata ba."

"To buɗe."

Mai gadi ya ɗauki dunƙule ɗaya ya juya, ya shinshina, ya lasa. Baturiya ta dafe ƙirji. Fuskarsa kuwa ta yi haske.

"Jamid ne. Na Karak ma kuwa, na bazarar bana. Baffa, ɗan gidan wa kake?"

"Ni mutumin Irbid ne, can arewa."

"Da wannan jamid ɗin? Da wannan gashin bakin? Haba Baffa. Mahaifiyata 'yar ƙauyen da ke bayan naku ce, ko wanne ne naku. Ashe kawuna ne kai. Ƙarfe biyu nake tashi, wallahi abincin rana a gidana."

Abu Hayil ya ce bari ya ɗan zagaya ya dawo. Yana fita ƙofa waya ta fara rawa a aljihunsa kamar an saka mata ƙwaro. Abin da babban kwamandan bai sa a taswira ba shi ne, cikin mutum ɗari uku da ke guruf ɗin ƙauye, ɗari da arba'in a Amman suke zaune.

"Abu Hayil a gari ba sallama? Mun mutu ne?"

"Kawu, tsaya inda kake, ga ni nan."

"Ba wanda zai taɓa shi, mu ne muka fi kusa ta wajen uwa."

Za'al bai rubuta komai ba, murya ya turo, ana jin ƙarar hon a bayansa: "Ɗan baffa, na sauke fasinja a tsakiyar titi saboda kai. Nofa ta ɗora tukunya."

Sannan Atalla, cikin ladabi: "Don sauƙaƙa wa 'yan uwa, daga nan Abdali zai je, daga can filin wasan Rumawa."

Abu Hayil ya leƙa ƙasa ya hango motoci uku suna hawowa a jere. Ya bi hanyar janyewa, wato wata doguwar matakala da ke ratsa tsakanin gidaje. A mataki na bakwai igiyar jaka ta tsinke. Jamid tara suka fita a guje, suna tsalle bibbiyu, uku-uku, suna ƙara kamar ana rushe katanga. Ɗaya ya shige wani gida ta ƙofa. Ɗaya ya daki tulun gas ɗin wani mai talla, mata uku suka leƙo suna cewa a kawo musu gas. Kyanwa ta haye itacen ɓaure. Wata tsohuwa mai shanya ta tare biyu da zaninta kamar mai tsaron gida.

"Na wa ne wannan arzikin?" ta tambaya.

"Ban sani ba, Hajiya," in ji Abu Hayil. Bakarake ya yi inkarin jamid, ai kamar uba ya yi inkarin ɗansa ne.

"Daga jakarka na ga sun fito."

"Kama ce."

"To Allah ya ƙara maka irin wannan kamar, ka riƙa biyowa ta nan kullum."

A gindin dutsen ya tsaya ya yi sabon tsari, don ya ce soja na gari ba ya mutuwa da taswira ɗaya. Ya naɗe shimagi ya cusa a jaka. Ya sayi hular 'yan yawon buɗe ido, da baƙin tabarau, da takunkumi a kantin magani. Sai dai gashin bakin ya ƙi ɓuya, ya leƙo ta gefe biyu kamar ƙahon bunsuru a buhu. Ya tura dama, hagu ta fito. Mai kantin ya ba shi shawarar ya sa biyu. Haka ya kama hawan Abdali a ƙafa, cikin rana, yana numfashi ta takunkumi biyu, yana gaida duk wanda ya dube shi da Turanci. Turancin nasa kalma huɗu ne, biyu daga ciki sunayen bargo ne.

Azahar ta gota lokacin da ya iso. Ya hango dattawan dangi biyu suna sintiri a bakin dandalin, hannuwa a baya. Ya laɓe bayan wata tukunyar fure, ya ɗauki hoto ya tura. Ba a yi minti ɗaya ba Atalla ya amsa: "Wannan wane Bature ne mai mura? Mu da gashin baki muka yi alkawari."

Ba yadda zai yi, ya zagaya bayan wani bene ya cire takunkumi. Bangon duk gilashi ne mai sheƙi, ya ga kansa a ciki. Gumi ya kwantar da gashin bakin, ya zubo ƙasa kamar jelar jaki a ruwan sama. Ko tattabara ba za ta sauka a kai ba, balle shaho. A ce ƙauye ya ga wannan? Ya zaro 'yar kwalbar man zaitun da ƙaramin mataji, ya matsa dab da gilashin. Ya shafa, ya taje, ya murɗa. Ya ja baya ya harari kansa. Ya gwada murmushi, ya gwada fushi, ya sara wa kansa irin ta soja. Ya buɗe baki ya duba haƙoransa.

Gilashin nan daga waje ne yake madubi. Daga ciki tagar gidan shan gahawa ce, kuma a teburin da ke jikinta dangi shida ne suka gaji da nema suka zauna hutawa. Minti goma suka yi suna kallo, ba wanda ya iya tashi don dariya. Sai da ya ɗaga waya ya ɗauki hoton ya tura sannan ɗaya daga cikinsu ya ƙwanƙwasa gilashin daidai hancinsa.

Ya ruga. Ƙofar da ta fi kusa irin mai juyawar nan ce, ya faɗa ciki, dangi suka faɗa sauran ɗakunanta, kowa na turawa. Suka yi zagaye uku suna gaisawa ta gilashi.

"Kawu, yaya mutanen gida?"

"Lafiya lau."

"Yaya Inna Fidda?"

"Tana gaishe ku."

"Rago muka yanka."

"Allah ya karɓa."

A zagaye na huɗu ƙofar ta tofar da shi waje, su ta zuba su ciki. Hula ta tafi, tabarau ya tafi. Ya ga tasi ruwan ɗorawa a tsaye kamar an aiko masa daga sama, ya faɗa baya ya ce, "Filin wasan Rumawa, ka taka ta."

Ƙofofi huɗu suka kulle a tare. Direba ya gyara madubi.

"Sannu da zuwa, ɗan baffa," in ji Za'al.

Abu Hayil ya fara da lallashi. Ya ce hoto biyu sun shiga, saura ɗaya, gobe zai dawo ya ci har ƙashi. Za'al ya ce goben mai shi ne, shi yau ya sani.

"Unguwa gaba ɗaya ta ji ɗan baffana yana gari. Da wane ido zan dubi mai kantin ƙofar gidana?"

"Na rantse da gashin bakina, Za'al."

"Gashi ne. Akuya ma tana da shi."

"Ka iya bakinka."

"Kai ka iya ƙafarka. Tun safe nake bin ka kamar mai bin ɓarawon kaza." Ya daki sitiyari, jini ya hau masa ka. "To ka ji tawa. Na rantse da igiyar aurena, in ba ka ci mansaf ɗin Nofa kafin rana ta faɗi ba, ta saku."

Duk dangi sun san tarihin bakin Za'al. Igiya ta farko ta tafi ne a kan wani baƙo da ya ƙi ƙara nama, ashe an cire masa haƙori ne da safe. Ta biyu a kan wasan ƙwallo. Malamin da ya mayar da auren karo na biyu ya ce masa in ya sake, kada ya zo, ba sauran abin ɗaurawa.

"Za'al, saura nawa?"

"Ɗaya," in ji Za'al da wata 'yar siririyar murya. Ya dubi bakinsa a madubi kamar ba nasa ba.

"To wa ya aike ka?"

"Kai wa ya aike ka?"

Wani da sai ya sallama a nan. Abu Hayil kuwa ya yi tunanin cewa in ya ɓace, malamai ba za su rasa wata ƙofa ba, don ai ba a tilasta wa wanda ba a gani ba. Da cunkoso ya tsayar da su a tsakiyar gari ya ce la'asar ta yi, kuma ba mai hana Musulmi salla. Za'al ya raka shi har ƙofar masallaci ya riƙe masa takalma a matsayin jingina. Abu Hayil ya yi sallarsa, ya sallame, ya fice ta ƙofar baya da silifas ɗin alwala, ɗaya shuɗi ɗaya kore, duka na ƙafar hagu.

Ya san hanya, in ji shi. Ya bi kasuwar kayan miya ya ɓulla kasuwar zinariya, ya bi ta zinariya ya ɓulla ta kayan miya. Sau uku yana wuce mai rake ɗaya, har mutumin ya fara yi masa sannu da dawowa. Da ya iso filin wasan Rumawa rana ta yi ja, silifas sun karkatar da shi yana tafiya kamar kaguwa.

Ya shiga ya tsaya cak. Matakalan dutsen nan da suka hau sama kamar rabin ƙwarya cike suke da jan shimagi. Dangi sun fi arba'in, a zaune a jere, ga 'yan yawon buɗe ido a gefe sun zaci wasa za a yi. Mai gadin Ƙal'a ma ya zo. A tsakiyar dandamali manyan faranti uku na mansaf suna tururi, shinkafa da nama, kan rago a sama, miyar jamid a bokiti. An ce da farko mai tsaron ƙofa ya ce ba a shiga da abinci, da aka ce masa igiyar aure ce ta ƙarshe sai ya taya su ɗauka. Nofa na tsaye da ludayi. Za'al na gefenta rungume da takalman Abu Hayil.

A layin gaba kuwa, da 'yar jakar fata a cinya, Atalla ne. Tun da ya ga hoton takunkumi ya rufe shago ya hau motar azahar.

"Ga fili, ga waya," in ji Atalla. "Ka ɗauki na uku, ka ci gari. Ni dai kallo na zo."

Gaskiya ya faɗa. Danna waya sau ɗaya, a koma ƙauye da gashin baki da labarin shekara goma. Abu Hayil ya ɗaga wayar.

"Ɗauki abinka, Abu Hayil," in ji Nofa da ƙarfi. "Kada ka ci. Shekara ashirin da takwas ina jiran wanda zai raba ni da wannan bakin. Gobe in tafi gidan ɗana, in kwana ba munshari."

"Nofa," in ji Za'al.

"Kada ka kira sunana. Mutumin da ya sake ni saboda mai tsaron gida ya yi barci."

Matakala ta ɗauki dariya. Nofa ta matso kusa da Abu Hayil kamar za ta gyara faranti, ta yi ƙasa da murya.

"Don Allah ka ci ko loma ɗaya. Wawa ne, amma nawa ne. Ko shayi bai iya dafawa ba, in na tafi a mako zai mutu."

Rumawan da suka gina wurin nan sun san aikinsu. In ka tsaya a tsakiyar dandamali ka yi raɗa, na can ƙololuwa zai ji kamar a kunnensa ka faɗa. Dangi arba'in suka yi "ayya" a tare. Za'al ya sa fuska cikin takalman ya fara kuka.

Abu Hayil, wanda ya san Amman kamar yunwar cikinsa, bai gane abin da ya faru ba. Ya sunkuya shi ma ya yi raɗa.

"Nofa, ba gashin ba ne. Leɓena na sama ne. Gajere ne, kamar na zomo. Ko Fidda ba ta taɓa gani ba."

"Mun ji, Kawu," in ji wani daga can sama. "Zomo ma halittar Allah ne."

Ya ɗaga kai ya dubi matakalan, ya dubi rana, saura kamu ɗaya ta taɓa dutse. Ya nemi mafita. In ya ci ya tofar fa? Dattawa suka ce ba ci ba ne. In ya ci bayan magariba? Za'al ya ce kafin faɗuwar rana ya ce. In an ce Nofa ba dangi ba ce? Nofa ta ɗaga ludayi.

Sai ya mayar da waya aljihu, ya naɗe hannun riga, ya fuskanci jama'a.

"Ku shaida, ba wanda ya kama ni. Da ƙafata na zo. Tun jiya na hango wannan gida yana cikin haɗari, na shirya duk abin nan don in cece shi."

"Ci dai, rana na tafiya," in ji Nofa.

Ya mayar da hannun hagu baya, ya sa na dama a faranti, ya dunƙula loma ya jefa a baki. Tun asuba bai sa komai a cikinsa ba, don haka ta biyu da ta uku ba wanda ya roƙe shi. Nofa ta rangaɗa guɗa, filin ya mayar mata da ita sau uku. Maza suka sauko suka kewaye farantai a tsaye, hagu a baya, dama a shinkafa.

Atalla ya ba shi lokaci ya wanke hannu. Sannan ya zaunar da shi a kan wani guntun ginshiƙi, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kaɗa kumfa da ruwan gora.

"A bari mu koma gida mana," in ji Abu Hayil.

"Alkawari ba ya kwana."

Ja huɗu, aikin shekara arba'in ya kwanta a kan ƙyalle. Masu ci suka tsaya da loma a hannu. Za'al ya share hawaye ya ce, "Wallahi ba kamar zomo sosai ba."

Atalla na naɗe askarsa yana cewa bari ya hanzarta kada motar ƙarshe ta bar shi, sai wani hannu mai maiƙo ya sauka a kafaɗarsa.

"Af, Atalla. Kai ma ka shigo gari ba sallama?"

"Ni aiki ya kawo ni."

"Aiki ya ƙare. Gidana za ka kwana."

"Gidanka? Matarsa 'yar gwaggona ce," in ji wani.

"Ku bari, jama'a, ina da shago, gobe Juma'a, kawuna goma sha biyar na jirana."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Mutum biyu suka kama dama, uku suka kama hagu, wani can baya ya fara, "Na rantse da igiyar..." matarsa ta toshe masa baki da burodi.

Abu Hayil ya karɓi takalmansa ya sulale gefe, tafinsa a kan leɓe. A bakin matakala ya yi karo da wasu dangi huɗu da suka taso tun daga garin Zarƙa, suna haki.

"Bawan Allah, ka ga wani dattijo mai ƙaton gashin baki?"

Ya sauke hannunsa a hankali. Suka dube shi, ba ko ƙiftawa.

"Ya tafi," in ji shi. "Amma ga abokinsa can, wanda ake ja."

Suka yi godiya suka wuce. Ya hau matakalan shi kaɗai har ƙololuwa, ba mai kiran sunansa, ba mai kama masa hannu. Daga can ya ga fararen gidaje sun hau kan juna har bakin sama, tattabaru na kewaya, iska mai sanyi tana taɓa wani wuri a fuskarsa da bai san yana da shi ba. Ladan na farko ya fara daga wani dutse, na biyu ya karɓa daga wani. Ya ɗaga waya, kuma a karon farko hoton ya fita daidai tun bugun farko, ga gari, ga fuskarsa ba gashin baki, haƙora a waje. Ya tura, ya rubuta, "Na uku. Wanda ya ce Bakarake ba ya ganin Amman, ga ta."

Duk wanda zai iya ba da shaida hannunsa na cikin shinkafa. Sai saƙon murya ya shigo daga Fidda.

"Kai mai haƙoran nan, ko wane ne kai, ka ji tsoron Allah ka mayar wa mijina wayarsa."

Yana cikin neman inda zai danna ya amsa, mai garin ƙauye, wanda ke riƙe da guruf ɗin, ya cire lambarsa.